Ƙwallon Dabino Ba Shi da Suna

Ya ji, ko bai ji ba? Tambayar da nake kwana da ita nake tashi da ita ke nan. Ranar da maƙwabciyata Dada Asta ta shigo gidanmu tana kunna mini muryar ɗanta a waya, Malam, mijina, yana tsugune a bakin famfo yana alwala, kusa da tabarmar da muke zaune. Sau ɗaya na tambaye shi a rayuwarsa. Abin da ya ce zan faɗa in an zo wurin.

Jikata Nafisa ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa. Ban yi lekol ba, wato boko, allon ma ban yi nisa da shi ba. Abin da ya sa na ce ta ɗauko takarda shi ne samarin da ke zama a shagon caji na bakin layinmu, nan unguwar Birkitiri a Yawunde. Suna yaƙi a waya tun safe, wannan ya harbe wancan, a sake. Da Malam ya rasu na ji ɗayansu yana cewa, ai aikin tsohon nan wasan dara ne kawai gwamnati ke biyansa. Ban yi fushi ba. Ba su sani ba ne. To ga yadda aikin yake.

Malam soja ne, amma bindigarsa ba ta taɓa fita daga ma'aji ba sai ranar fareti. Muƙaminsa a soja ajidan ne, kuma aikinsa lissafi. Manya za su zo masa da tambaya: ga wuri kaza, in mutum kaza suka auko masa, soja nawa za su riƙe shi, kuma har zuwa yaushe? Shi zai zauna ya lissafa. Ni kuma maginiya ce. Uwata tukwane take ginawa a Marwa, a hannunta na koyi yumɓu, har aka kawo ni Yawunde. Aikina a ofishinsu shi ne in gina musu ƙasar da za a yi lissafin a kanta, a bisa wani babban tebur mai baki kamar kwale-kwale. Su suna ce masa maket. Sojojin ƙofa kuwa Mami Potopoto suke kirana, wato uwar taɓo, don kullum da laka a gwiwar hannuna nake fita.

Rashin karatuna shi ya samo mini aikin. Kanar na lokacin ya ɗauko taswira ya miƙo mini a juye, ya ce in karanta masa. Na riƙe ta yadda ya ba ni ina kallo. Ya yi dariya ya ce wa Malam, “Wannan ta fi duk magatakardana riƙe sirri. A ɗauke ta.” Haka na yi shekaru ina gina tuddai da koguna ban san sunan ko ɗaya ba.

Tebur na farko da na gina, Malam ya sa na rushe shi. Wani kwari ne tsakanin duwatsu biyu. Na ja duwatsun sama suka yi tsayi, suka yi kyau, har na yi musu zane kamar na bakin randa. Ya zo ya sunkuya, ya ɗora haɓarsa a bakin tebur ya rufe ido ɗaya.

Ya ce, “Maginiya, dutsen nan naki ya ɓoye mini hanya. A can ba ya ɓoye ta. Wanda na ajiye a bayansa zai ɗauka ba a ganinsa.”

Na ce, “To ai ya fi kyau haka.”

Ya ce, “Ya fi kyau. Rushe shi.”

Daga nan muka samo dabarar tsinken tsire. Birkitiri ba a rasa tsinke, masu tsire suna zubar da shi buhu-buhu. Nakan karɓo, in wanke, in shanya. Malam zai duba layukan da ke taswira, ya yanke kowane tsinke daidai tsayin wurin, ya kafa a gindin tebur. In ya gama sai ka ga kamar bushiya ta kwanta. Ni kuma in cika da yumɓu har kan kowane tsinke ya ɓace, kada ya wuce, kada ya gaza. Jar ƙasar unguwar nan tana da kyau amma tana tsagewa, sai an haɗa ta da dusar katako. Dusar a wurin kafintocin Elig-Edzoa nake samowa, in tankaɗe da rariya. Sakaina nake shafe gangare da ita. Kogi shuni ne a cikin kwaɓaɓɓen rogo. Hanya zare ne, fari in ta kwalta ce, ja in ta ƙasa ce. Daji gansakuka ce da nake kankarowa a jikin katangu da damina. Gada tsinken ashana. Kowane abu da ma'anarsa a lissafi: mota a farin zare tana cin taƙi biyu, a ja taƙi ɗaya, in an ce an yi ruwa kuma ba ta cin komai.

Mutanen kan tebur 'ya'yan itace ne. Namu ƙwallon dabino, na wancan ɓangare ƙwallon tsamiya. Motoci murfin kwalba. Azumi ne lokacin tara dabino, nakan bi gidaje bayan buɗa-baki da kwano, mata suna yi mini tsiya wai zan dasa gona a kan kwalta.

Ranar da ya koya mini tushen sana'ar, gyaɗa muke ɓarewa a tsakar gida. Ya ware biyar gefe, uku gefe.

Ya ce, “Biyar sun haɗu da uku a fili. Bindiga iri ɗaya, gwaninta ɗaya, kowa na ganin kowa. In ukun nan suka ƙare, nawa suka rage a cikin biyar?”

Na ce, “Biyu mana. Ko yaro ya sani.”

Ya ce, “Huɗu.”

Na ce ya daina yi mini wayon 'yan boko. Sai ya bi da ni a hankali. Bakin bindiga biyar yana kan mutum uku, bakin bindiga uku kuma ya rarrabu a kan mutum biyar. Kafin ukun su kayar da ɗaya, an kayar musu da ɗaya, sun koma biyu, wutarsu ta ragu, ta wancan ɓangare tana nan kusan yadda take. Daga nan abin gangare ne. Ya ce ƙarfin taro ba yawansa ba ne, yawansa ne sau yawansa. Biyar sau biyar, ashirin da biyar. Uku sau uku, tara. A cire, saura sha shida, wato huɗu sau huɗu. Ban iya rubuta shi ba har yau, amma ku ba ni gyaɗa in nuna muku.

Abin da wannan ke nufi shi ne, wanda ya warwatsa sojansa ya ba da su sadaka. Amma kowane mai gari yana son soja a ƙofar gidansa, kowace gada tana son mai gadi, kuma sojan ba ya isa. Saboda haka aikin Malam, in an tuɓe masa riga, shi ne ya faɗi wanda za a rage wa.

Biyar da uku a fili ne kawai. Ƙasa ba fili ba ce, shi ya sa ake bukatata. Wanda ke cikin rami ya fi wanda ke tsaye wuyar samu. Wanda ke kan tudu yana gani kafin a gan shi. Duk wannan Malam yana da adadin da yake sa masa. Sannan akwai abin da ba wanda ya sani: bindiga ta cije, mai gadi ya yi gyangyaɗi, direba ya ɓata hanya. Wannan ɗan lido ake jefa wa, ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo ta wasan lido. A jera ƙwallaye, a jefa, a matsa, a cire waɗanda suka faɗi, har faɗan ya ƙare. Sai a sake jerawa daga farko. Faɗa ɗaya sai a yi shi kwana da kwanaki, ana duba sau nawa wurin ya tsaya, sau nawa ya faɗi. Ni ce mai mayar da ƙwallaye mazauninsu, da gyara inda gwiwar hannun wani kaftin ta murƙushe mini tudu.

Limamin masallacin layinmu ya ji labarin ɗan lidon. Ya tare Malam bayan la'asar.

Ya ce, “Ajidan, an ce caca kake bugawa a ofis, da albashi.”

Malam ya ce, “Allah gafarta malam, ɗan caca yana jefawa don ya ci. Ni ina jefawa don in ga ta hanya nawa za a iya cinye ni.”

Liman ya ce, “To wannan ba caca ba ce, waswasi ne. Shi ma ba kyau.”

Masu zuwa da aiki iri-iri ne. Akwai wanda ya riga ya yanke shawara tun a gida, tebur kawai yake so ya sa masa hannu. Irin wannan in dabino suka ƙare sai ya ce a sake jefawa, ɗan lidon ne ya karkace. Akwai mai tsoro, wanda ko an ba shi duk ƙwallayen kwano zai ce a ƙara. Akwai sabon laftana da ya fito makaranta da zafinsa. Ɗaya daga cikinsu na tuna shi sarai. Ka'idar Malam ce, in kashi ɗaya cikin uku na ƙungiya ya faɗi, yakan kwashe sauran daga tebur, don a zahiri mutane ba sa tsayawa har na ƙarshe, janyewa suke yi. Laftanan ya buga tebur ya ce nasa sojojin ba sa gudu. Malam ya ce masa, “Ranka ya daɗe, naka ne kaɗai ba uwa ce ta haife su ba?” Ya ci gaba da kwashewa.

Da ordinatè ta zo ofis, na'urar nan mai allon gilashi, na ɗauka tawa ta ƙare. Abin da muke jefawa a mako ita tana gamawa kafin shayi ya huce. Malam ya koye ta da tsufansa, da yatsa ɗaya. Amma ba a sallame ni ba. Manya ba su iya gardama a gaban gilashi, sai sun zagaye tebur, kowa da sandarsa yana nunawa. Na'ura ta ba da adadi, a zo kan yumɓu a yi faɗa a kansa.

Akwai doka ɗaya da ba a rubuta ba, kuma ita ce ta fi kowace ƙarfi a ɗakin. Ƙwallo ba shi da suna. Wanda ya faɗi ba a jefar da shi, a hankali ake ɗauka a sa a wata langa mai murfi. Kuma ba a cewa wannan wane ne. Wani kaftin ya taɓa ɗaukar ƙwallon dabino mai ƙaton ciki ya ce ga abokinsa sajan wane, aka yi dariya. Malam ya kwashe tebur gaba ɗaya, ya zuba a kwano, ya girgiza, ya sake jerawa. Aikin yini ya tafi.

A hanyar gida na ce masa abin bai kai haka ba.

Ya ce, “In ka sa wa ɗaya suna, hannunka zai kare shi ko ba ka so. Da me zai kare shi? Da wani. Wanda ba ka san uwarsa ba.”

Dokar ta hau kaina ni ma. Abin da na gani a tebur ba na kawo shi gida, abin da na ji a gida ba na kai shi tebur. Ko tsakanina da shi.

Muguwar shekara ta zo bayan Malam ya yi ritaya. Arewa ta ɗauki wuta, 'yan bindiga suna faɗa wa garuruwa. Birkitiri kusan kowane gida yana da dangi a can. Baƙi suka cika zauruka, shanu suka daina saukowa yadda suka saba, masu tsire suna yanka nama siriri kamar takarda. Aka aiko mota ta ɗauki Malam, shi kuma ya ce sai da maginiyarsa.

Aikin da aka ba mu kogi ne, da gada ɗaya a kansa, da wani gari mai babbar kasuwa can baya, tafiyar mota mai ɗan nisa a jan zare. Rani ne, ruwa ya ja, akwai mashigai da mutum zai ƙetare da ƙafa. Wannan karon har da hotunan da aka ɗauka daga sama aka ba ni, don in ga inda itatuwa suke. A bakin gadar na ga wata giginya da ta rabu biyu a sama, kai biyu a jiki ɗaya. Ban taɓa ganin irinta ba. Itace ɗaya ba ya canza lissafi, da na sa gansakuka na wuce. Amma hannu yana da nasa son. Na samu tsinken tsintsiya na tsaga kansa, na ɗaura gashin zabuwa a kowane reshe, na kafa ta a gindin gadar. Duk wanda ya shigo sai ya tsaya ya kalle ta.

Dada Asta Bafulatana ce, ƙosai da koko take sayarwa a ƙofar gidanmu, ɗakinta yana jikin namu. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu da daɗewa. Ɗa ɗaya gare ta, Hamadu. Ranar da aka haife shi uban yana kan hanya, Malam ne ya yi masa kiran salla a kunne. Ya girma ya shiga soja, aka tura shi arewa, ba a faɗa mata ina ba.

Ana gobe za a ba kanar amsa, mun dawo gida da la'asar. Ina zaune ina kankare laka a farce, Malam ya ɗauki buta ya nufi famfo. Asta ta shigo da waya a hannu tana murmushi.

Ta ce, “Adda, zo ki ji ɗanki. Ya samu inda waya ke kamawa.”

Ta danna. Muryar Hamadu ta fito, rabi Fulatanci rabi Hausa. Ya ce lafiyarsa lau, kada ta damu. Ya ce kifi a wurin ya fi na kasuwar Mokolo arha, har ya yi ƙiba. Ya ce gada suke gadi, kuma akwai wata giginya mai kai biyu, a ƙarƙashinta yake shanya kayansa, in ya dawo zai nuna mata hotonta. Ya ce a gaida Baba Ajidan.

Asta ta yi dariya ta ce, “Giginya mai kai biyu. Kin taɓa ji? Yaron nan tun yana ƙarami da ƙarin gishiri.”

Na ce, “Ikon Allah ya fi haka.”

Na waiwaya. Famfo yana zuba a bokitin ƙarfe da ƙara. Lasifikar masallaci ta fara tayar da iƙama. Malam ya sa yatsu a kunnuwansa yana shafa, bayansa yana gare mu. Ya wanke ƙafafu, ya miƙe, ya sa takalmi.

Asta ta ce, “Ajidan, ɗanka yana gaishe ka.”

Ya ce, “Ina amsawa. Allah ya tsare. Bari in samu jam'i.”

Ya fita. Da ya dawo muka ci tuwo, ya yi maganar kwanon ɗaki da ke yoyo.

Washegari aka jera hanyoyi biyu a tebur. Ta farko, a cika gada da soja, a bar kaɗan a gari. Gada tana tsayawa kowane jifa. Amma in tsamiya suka bar gadar suka bi ta mashigi, garin yana faɗuwa, da kasuwarsa da duk wanda ke ciki. Ta biyu, a rage na gada, a tara ƙarfi a gari da motoci, duk inda aka taɓa a kai ɗauki. A wannan, gari yana tsayawa kusan kullum. Gada ma tana tsayawa a yawancin jifa. Amma akwai jifan da ɗauki ke makara a jan zare, kuma a irin wannan duk dabinon gada langa suke shiga. Na'ura ta faɗi haka, ɗan lido ya faɗi haka. Biyar da uku ne dai, ba wani sabon abu.

Ina tsaye a kusurwa da sakainata. Malam ya miƙa hannu gindin giginya ya fara ɗauke ƙwallaye ɗaya bayan ɗaya yana kai su gari. Hannunsa nake kallo. Bai yi rawa ba, bai yi sauri ba, bai tsaya ba. Yadda ya saba yi shekara da shekaru haka ya yi.

Kanar ɗin wannan lokacin mutum ne mai natsuwa, idonsa ja don rashin barci. Ya ce, “Kwambiyan, Ajidan? Nawa zan bari a gadar?”

Malam ya faɗi adadin da Faransanci. Ya ƙara da cewa, “Ranka ya daɗe, ka sani wani lokaci za ta faɗi.”

Kanar ya ce, “In na ƙara musu fa?”

Ya ce, “Daga gari za ka ɗebo. Na gwada. Garin ne ke biya.”

Kanar ya kalli tebur, ya ce a rubuta.

A tasi muka dawo, ta unguwar Mesa, cikin cunkoso. Kafaɗata tana jikin tasa. Kalma huɗu ce za ta ishe ni: Hamadu yana gadar nan. Amma na san abin da zai biyo baya. In bai ji ba, na ɗora masa suna a kan ƙwallo, kuma amsar ba za ta canza ba sai da ƙarya. In ya ji, to ya riga ya sani, bai ga dalilin faɗa mini ba. Na bi doka. Ya tsayar da mai gasasshiyar ayaba ta taga ya saya mini biyu.

Bayan wasu makonni suka zo, ta gada da ta mashigi a lokaci guda. Gari ya tsaya. An ce ko rumfa ɗaya ba a ƙona ba. Ɗauki ya isa gada bayan an gama. A ofis manya suka riƙa shigowa suna ba Malam hannu, don da an bi hanya ta farko da garin ya tafi. Lissafin bai yi kuskure ba. Wannan nake so samarin shagon caji su ji da kyau. Ba a yi kuskure ba.

Sojoji biyu suka zo wurin Asta da safe, tana tsakiyar suya, layin 'yan makaranta a gabanta. Na gan su daga ƙofa, hulunansu a hannu. Ni na sauke kaskon daga wuta don kada man ya kama.

Malam ne ya zauna a zaure ya karɓi gaisuwa a matsayin uba, tunda babu wani. Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun watse, Asta ta fito ta tsaya a bakin zauren. Wani abokin Hamadu da ya zo gaisuwa ya riga ya gaya mata cewa da suna da yawa a gadar, aka kwashe rabi.

Ta ce, “Ajidan, kai ka san manya. Me ya sa aka bar su 'yan kaɗan?”

Ya ce, “An kai sauran inda mutane suka fi yawa.”

Ta ce, “Hamadu ba mutum ba ne?”

Ya ce, “Mutum ne.”

Ta juya ta koma ɗakinta. Ba ta taɓa sanin hannun wa ya ɗauke ƙwallayen ba, ta ɗauka takardu kawai yake rubuta musu. Da shekara ta zagayo ta koma Ngaundere wurin ƙaninta. Ta bar mini kaskon.

Kowane tebur in aikinsa ya ƙare rushe shi ake yi. A zare tsinkaye, a jiƙa yumɓun a ganga, a sake amfani da shi. Ƙasar da ta yi dutse bara ita ce kwarin bana. Da na zo rushe wannan, na nemi giginyar ban gan ta ba. Ramin da na kafa ta yana nan. Wataƙila mai shara ne, wataƙila wani laftana ya kai wa 'yarsa. Ban tambaya ba.

Mun ƙara tebur kaɗan bayan wannan. Malam ya koyar da wasu samari biyu masu kaifin kai, waɗanda suka fi shi iya na'ura nesa ba kusa ba. Abin da ya fi nanata musu shi ne langar. Su a gilashinsu babu langa, adadi ne ke raguwa a kusurwa. Ya sa aka ajiye ta kusa da na'urar, ya ce duk wanda zai kai wa kanar amsa, sai ya fara zuwa tebur ya ɗauke ƙwallayen da hannunsa. Ban san ko suna yi har yanzu ba. Ni gwiwoyina suka ƙi tsayuwa, na bari. Rariyar da sakainar suna nan a ƙarƙashin gado, Nafisa tana ta so ta zubar.

Ciwonsa bai daɗe ba. Asibiti suka ce a dawo da shi gida. Ranar ƙarshe da la'asar ce, ana ruwa, kwanon ɗakin yana ɗiga a inda ya yi ta cewa zai gyara. Na taimaka masa ya yi taimama. Na zauna a bakin gado ina riƙe da hannun nan da na yi shekaru ina kallo a kan tebur. Ina kuka, ba zan ɓoye ba, yanzu ma da nake faɗa ina yi, Nafisa ta ajiye alƙalami ta jira ni. Na ga in ban tambaya a ranar ba, babu wata rana.

Na ce, “Malam, ranar da Asta ta kawo muryar Hamadu, kana alwala. Ka ji?”

Ya daɗe idonsa yana kan rufi. Na ɗauka ya yi nisa. Sai ya juyo da kai. Na juya abin da ya ce ta kowane gefe, wata rana in ga amsa ce, wata rana in ga yabon aiki ne kawai irin na maigida ga mai yi masa gini. Bayan shi bai sake magana da ni ba, sai kalmar shahada da liman ya laƙƙana masa.

Ya ce, “Maginiya, giginyar nan kin yi ta da kyau. Tun daga bakin ƙofa ake gane ta.”